Allurar da Aka Yi Mini a Yamai Ba Guba Ba Ce

Zuwa ga Mai Girma Daraktan gidan rediyon da muke saurare a nan Tawa,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, ku da ma'aikatanku, da fatan iyali suna lafiya.

Sunana Hajiya Rabi, tela ce ni, karatuna a brebe ya tsaya, wato ƙarshen ƙaramar sakandare. Rediyonku ke taya ni hira a bakin keken ɗinki, kuma ban taɓa rubuto muku ƙorafi ba sai yau. Ba ni da kukan da zan kai wa kowa game da rayuwata, alhamdu lillahi. Abin da ya sa ni ɗaukar biro shi ne shirinku na lafiya na ranar Juma'ar da ta wuce.

Kun gayyato wani dattijo da ya yi aiki a ramukan ma'adinai na arewa. Ya faɗi wahalar da ya sha, na kuma tausaya masa, domin ƙanen mahaifina ma can ya ƙare ƙarfinsa. Amma daga ƙarshe ya ce irin gubar da ke cikin ramukan nan ce ake yi wa mutane allurarta a asibiti a Yamai don a ɗauki hoton cikin jikinsu, wai duk wanda aka yi wa, ba a cin tuwo kwano ɗaya da shi har abada. Mai gabatarwa bai tambaye shi inda ya samo wannan ba. Ya yi salati, ya sa kiɗa.

Na farko. Ni an yi mini allurar nan bara, saboda maƙoƙo da ya fara tasowa a wuyana. Ɗan ruwa ne kaɗan a jijiya. Na jira kamar tsawon dahuwar shayi, na kwanta ƙarƙashin na'ura, aka ɗauki hoto, likita ya ga inda ciwon yake, ya san maganin da zai ba ni. An ce in sha ruwa da yawa, kada in goyi jikana ko in zauna jingine da mai ciki har kwana ɗaya, domin ƙarfin abin da kansa yake mutuwa. Kwana ɗaya, Malam Darakta. Washegari da hantsi jikana yana bayana.

Na biyu. Ɗiyata Sa'adatu wannan ne aikinta. Ba ta duba marar lafiya, ba ta rubuta ordinas, wato takardar magani. Kimiyyar fizik ta karanta, ta ƙware a kan na'urorin asibiti, yanzu tana koyarwa a jami'a. Ita da abokan aikinta ke auna yawan abin da za a sa wa mutum, su gwada na'ura kafin a kwantar da kowa. Akwai wani ɗan abu da take maƙalawa a rigarta, ana karɓa a duba ko jikinta ya ɗauki abin da ya wuce ƙa'ida. Tana cikin aikin ta haifi ƴaƴa biyu, duka ƙalau, sai dai rashin jin magana. Lokacin da ta zaɓi wannan karatu na yi faɗa, ina son ta zama ungozoma kusa da gida. Yau na gode wa Allah da ba ta bi tawa ba.

Na uku. Ranar Lahadi na je suna, aka zuba mini fura a ƙwarya ta daban, matan da muka yi shekaru muna haɗa ludayi suka matsa gefe. Na sha abata, na yi addu'a, na tashi. Wannan bai hana ni barci ba.

Na huɗu, kuma shi ne dalilin wasiƙar. Aminiyata Inna Habsu ta Barmu tana da kumburi a wuya wanda ya fi nawa, har haɗiya tana yi mata wuya. Watanni muka yi muna lallashinta, aka samo mata rana a Yamai, Talata mai zuwa. Ta ji shirinku. Ta aiko mini cewa ta fasa, gara ta mutu da ciwonta da jikokinta su guje ta. Na je har Barmu na nuna mata wuyana, ta ce ai a rediyo aka faɗa.

Kun ga nauyin da ke kanku. Mutanen karkara sun ɗauki muryarku gaskiya, wannan kuwa amana ce, kuma za a tambaye ku a kanta. Mai gabatarwa da bai san abu ba, ba abin kunya ba ne ya ce zai tambayo.

Ina roƙon abu biyu. A shirin Juma'ar nan, a lokacin da aka yi kuskuren, a gyara shi a fili, ba tare da an ci mutuncin dattijon ba. Sannan a kira wani masani ya yi bayani da Hausa. Sa'adatu ta yarda ta yi ta tarho. In kun ga uwa na tallan ɗiyarta ne, ku nemo wani, ba zan ji haushi ba.

Ranar Litinin bayan asuba zan je tasha da jakata, na kama wuri biyu a motar Yamai. Ko Habsu za ta zauna a na biyun, yana ga abin da za ta ji daga bakinku ranar Juma'a.

Allah Ya yi muku jagora, Ya tsare harsunanmu, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Wassalam, taku mai saurare,
Hajiya Rabi, Tawa