Mijina Ya Sayo Kwalekwale, Ya Ajiye Babana a Tsakiya Kamar Kaya

Anti Bernice, don girman Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da zan dawo ina cizon yatsa. Ina wannan rubutu, duk sanda na ɗaga kai ta tagar kicin sai idona ya sauka a kan abin da ya jawo masifar: wani ƙaton kwalekwale kore a kife kan ciyawa, ko ruwa bai taɓa ba.

Mu mutanen Thunder Bay ne. Babana Toivo shekararsa saba'in da bakwai, kuma tun ina 'yar shekara tara babu Yulin da ya wuce ba mu shiga tafkunan yamma da gari mun yi kwana biyar ba. Kwalekwalenmu ɗaya ne, wani tsohon alminiyam duk ya lotse. Baba yana da doka guda, wadda ya gada wurin nasa uban: wanda ya ɗauki kwalekwale a kafaɗa ya ratsa daji da shi daga wannan tafki zuwa na gaba, shi ke zama a baya ya sarrafa shi. Shi ke ɗauka, shi ke baya. Ni ce a gaba tun rasuwar Mama. Da na auri Garnet aka ba shi tsakiya, kan jakunkunan kaya da tanti, daga baya 'yarmu Sanna ta samu wuri tsakanin ƙafafunsa. Shekara goma sha ɗaya ke nan. Baba yana kiransa buhun dankali, to ai wasa ne, wa bai san bakin Baba ba?

Bara Baba ya zame a kan dutse, kwalekwale a kansa, ya fasa gwiwa. Garnet ne ya ƙarasa ɗauka, amma da muka isa ruwa Baba ya koma wurinsa na baya. Cikin Janairu kuma ya samu 'yar shanyewar ɓarin hagu. Ya warware, yana tafiya, har itacen hura sauna, ɗakin wankan tururi, shi ke faskara wa kansa, sai dai hannun ba ya riƙo kamar da. Likitarsa ta ja ni gefe ta ce in akwai tafiyar da muke son yi da shi, kada mu ɗaga ta zuwa baɗi. Kin ji abin da nake kwana da shi nake tashi da shi.

Muka yi magana da Garnet cewa tsohon kwalekwalen ya yi nauyi, za mu nemi sabo, mu zaɓa tare. Tare fa, Anti! Kawai ranar wata Asabar sai ga mutumin nan ya shigo harabar gidan Baba yana danna hon, kwalekwale ɗaure a saman mota, yana washe baki wai ya yi mana abin mamaki. Kwalekwalen roba, mai shimfiɗaɗɗen gindi, faɗinsa kamar bahon wanka, nauyinsa laba casa'in, ya ma fi wanda muke gudu. A tsakiyarsa kuma ga kujera mai majingina, har da ramin ajiye kofi. Wai mai shagon ne ya ce masa wannan shi ne daidai da iyali mai tsoho, a zaunar da kaka a tsakiya ya sha iska.

Baba ya zagaya shi sau biyu. Ya dafa majinginar nan ya ce, tawa ce wannan ke nan? Garnet ko kunya babu ya ce, ka huta haka nan Toivo, ka yi naka. Ya yi nasa! Mutumin da ya san kowane dutse a ruwan nan tun kafin a haifi Garnet! Baba ya shige gida ya rufe ƙofa. Washegari ya kira ni ya ce bana mu tafi kawai, shi bai kai matsayin jaka ba tukuna. Yau sati uku, in na ta da zancen sai ya tambaye ni tumatirina.

Ni kam na ce ramuwa ce. Shekara sha ɗaya ana ce wa Garnet buhun dankali, ya samu dama ya mayar. Na faɗa masa haka a fuskarsa, ya ce in haka na ɗauke shi to ba shi da abin cewa, ya kwashi filonsa ya koma ɗakin ƙasa. Ya yi ta zama can! Raina a ɓace yake, kuma tsoro nake ji, saboda saura sati huɗu ranar tafiya.

Ga shawarar da na yanke. Shagon ya ce suna karɓa a canza tunda bai shiga ruwa ba. Zan ɗaure bahon nan in mayar ba tare da Garnet ya sani ba, in ɗauko marar nauyi, irin mai laba arba'in da 'yan kai, wanda Baba zai iya ɗauka da kansa ya koma wurinsa. Wane iri zan nema? Kuma ya zan yi da namijin da ya wulaƙanta ubana a ƙofar gidansa?

Mai Zaman Gaba, Thunder Bay

Ƙanwata Mai Zaman Gaba,

Sha ruwa tukuna, ki ajiye igiyar ɗaure kwalekwalen nan mu yi magana.

Fushinki yana da tushe. An ce a zaɓa tare, mijinki ya je shi kaɗai, ya bar mai shago ya yanke wa surukinsa wurin zama. Kuma ba a gaya wa mutum irin mahaifinki cewa ya yi nasa, balle a tsakar gidansa. Wannan ya cancanci ban haƙuri, baki da baki, ba ta hannunki ba.

Amma zancen ramuwa ban saya ba. Wanda ya yi shekara sha ɗaya a kan jakar tanti, tukunya na tokarinsa a baya, shi ya fi kowa a gidanku sanin zafin zaman tsakiya, shi ya sa ya nemo majingina. Shi ne kuma ya ɗaga kwalekwale daga kan surukinsa bara, ya ga jinin, ya ɗauka har bakin ruwa, sannan ya koma kan kaya bai nemi haƙƙinsa na baya ba. Tsoro ne ya kai shi shagon nan, irin wanda ke cin ki. Rashin dabara ya yi, kin kira shi mugunta, wannan kuma ke ce za ki janye.

Shirinki ya fi nasa haɗari. Dattijo mai shekara saba'in da bakwai, hannun hagu ba ƙarfi, kansa cikin kwalekwale ba ya ganin gabansa sosai, a kan duwatsu masu santsi, tafiyar yini biyu daga asibiti? Ko laba ashirin ne ban yarda ba. Mahaifinki ya gama ɗauka. Na san da ciwo, amma gara ki ji daga bakina. Ki kuma lura, ku biyun abu ɗaya kuka yi: kowa ya zaɓa wa Toivo, ba wanda ya tambaye shi.

A mayar da koren nan, amma ke da Garnet za ku mayar. Shimfiɗaɗɗen gindi yana da daɗi a ruwa mai kwanciya, sai dai a babban tafki in igiyar ruwa ta bugo ta gefe yana bin ta ya karkata gaba ɗaya. Ku nemi mai ɗan kumburin gindi, wanda zai ɗan yi rawa lokacin shiga amma ya tsaya da ƙarfi in ya jirkice. Manya uku da yarinya da kayan kwana biyar suna son tsawon ƙafa goma sha takwas ko fiye, nauyi kada ya wuce laba hamsin da biyar. Kada ku saya sai kun gwada shi a ruwa da ainihin jakunkunanku. Bana ku bi hanya mai gajerun ratsen daji, kuma kowa da rigar ceto a jikinsa, har shi gogan, Toivo.

Yanzu ga abin da ya ɗaure mini kai a wasiƙarki. Kin auna ƙarfin babanki, kin auna laifin mijinki, amma ba inda kika ce ke za ki iya ɗauka. Shekarunki nawa a gaba? Laba hamsin ba ta fi ƙarfin macen da ta tashi da filafilin tuƙi a hannu ba. Ki ɗora shi a kafaɗa a shagon, ki zagaya wurin ajiye motoci. In kin ɗauka, dokar kakanki ta ba ki baya, ba a taɓa ta ba. Mahaifinki ya koma gaba da filafilinsa, yana hango duwatsu yana yi miki tsawa in kin karkace, kuma wannan aiki ne na gaske. Garnet ya sa majingina a tsakiyar sabon ya more ta, ya ci guminsa.

Ki je wurin mahaifinki Asabar ɗin nan, ke kaɗai, ki bar zancen tafiya. Ki ce Baba, ban san kwalekwale kamar kai ba, zo ka zaɓa mana, kuma ka koya mini tuƙin baya tun kana da ƙarfin yi mini faɗa. Zai iya ƙi, ban yi miki alkawari ba. In ya ƙi, ki koma Lahadi. Sati huɗu gare ki, kuma kin ji abin da likita ta ce, kada ki ƙarar da su wajen gaba da mijinki.

Allah ya ƙara wa Toivo lafiya, ya ba ku ruwa mai kwanciya, ya dawo da ku huɗun gida lafiya.

Bernice