Ruwan da ke cikin duro

Litinin, 6 ga Mayu
Tankar maganin ƙwari ta kife a gada, sama da inda muke jan ruwa. Kafin a kashe injin, an yi awa uku ana tura wa gari gurɓataccen ruwa. An hana kowa sha. Ni aka ba aikin gwaji, wai ni ce mai natsuwa a ofishinmu na hukumar ruwa.

Laraba, 8 ga Mayu
Kwalba arba'in na ɗebo, yadda aka koya mana: a buɗe famfo, ya zuba minti biyar, sannan a tara. Duk sun fito tas. Layin su Yaya na tarar da famfo a bushe, na rubuta "babu ruwa", na wuce. Oga ya tsaya a kaina da biro: "Malama, gari na jin ƙishirwa." Na sa hannu cewa ruwa ya shawu, har da jin kaina. An sanar a rediyo.

Asabar, 11 ga Mayu
Yaya ta kira. Autarta na amai, miyau na ta zuba. Yara bakwai daga layinsu suna asibiti.

Lahadi, 12 ga Mayu
Na je gidan. Duro shuɗi a bayan ƙofa, ina ɗaga murfin warin ya buge ni. Ran Litinin kaɗai ake ba layin nan ruwa, a cika duro a yi mako ana sha. A gidan nan na tashi fa! Ni nake wanke duron nan ina mita. Kaico. Na bi famfo ina gwadawa, mutane kuwa a duro suke sha.

Talata, 14 ga Mayu
Auta ta buɗe ido. Likita ya ce a dai ci gaba da addu'a.

Alhamis, 16 ga Mayu
Oga ya kawo takardar rufe bincike. Na ce ban gama ba, saura gida sittin ban leƙa duronsu ba. Ya yi mini wani kallo. Ni ma ban san ina da wannan bakin ba.

Da yamma a barandar asibiti na daure na ce, "Yaya, ni ce na sa hannu."

Ba ta ko ɗago ba, tana ninke rigar Auta. "Na sani, ƙanwata. Kwana biyu na hana su taɓa duron nan. Da na ji sunanki a rediyo na buɗe musu."