Na Rame, Mma, Amma Lafiya Lau

Assalamu alaikum Mma,

Na san wannan takarda ba za ta iso ki ba. Inda kike, addu'a kaɗai ke zuwa. Amma ke na saba kai wa labari, bakina kuwa ya ƙi shiru.

Gida kowa lafiya. Jikarki Rabi ta sauka, an samu mace, sunanki aka sa mata.

Watanni shida da suka wuce aka auna ni a asibiti. Likita ta ce sukarina ya hau, saura ƙiris in shiga ciwon da ya kwantar da ke. A cikin trotro, motar haya, na yi ta share hawaye har unguwarmu Maamobi. Ba ta rubuta mini ƙwaya ba tukuna. Ta ce in gyara cina, in riƙa tafiya kullum, in samu isasshen barci, in dawo a sake dubawa.

Mma, akwai abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Lokacin da aka hana ki sukari, ni ce nake zuba miki cokali biyu a koko idan Yaya Sani ya fita. Kina mini kallon nan naki, ni kuma a makaranta an koya mini kada in ɓata wa uwa rai. Na ɗauka biyayya ce. Wace irin biyayya ce wannan? Ki yafe mini.

To, ga abin dariya. Yanzu bayan asuba mu biyar, matan makarantar Islamiyya, muke takawa daga Maamobi zuwa kasuwar Nima mu dawo, da hijabi da kambas. Kin taɓa zaton za ki ga Salamatu da kambas? Mahauta suna tsokanarmu wai 'yan ƙwallon Zongo sun fito. Waakye, shinkafa da waken nan namu, ban daina ba, sai dai wake da ganye sun fi shinkafa yawa, taliya da gari kuma na sallame su. Gishiri kaɗan, daddawa da yawa. A wajen suna in an miƙo lemon kwalba nakan yi godiya in roƙi ruwa. Da farko na ji tsoron ko raina kyauta ne, sai Malama ta ce jiki amana ne, za a tambaye mu shi.

Da na fara ramewa, ƙanwarki Goggo Hajara ta ga zanena ya yi mini yawa. Ba ta tambaye ni komai ba, ta wuce unguwar Circle har shagon maigidana Alhaji, ta wanke shi tas a gaban masu sayayya, wai ya bar 'yar yayarta da yunwa. Bawan Allah ya dawo gida ko abinci ya kasa ci! Washegari ta aiko da tuwo, mai na iyo a kan miyar. Yanzu ita ce ta shida a tafiyarmu, tana can baya tana mita.

Jiya na koma asibiti. Likita ta duba takarda, ta ɗago tana murmushi. Sukarin ya sauko inda ake so, ta ce in ci gaba a haka, in riƙa zuwa awo. Da ƙafa na dawo gida, na yi sujadar godiya, na miƙe ban dafa bango ba.

Allah Ya haskaka kabarinki, Ya sada mu a Aljanna. Amma Mma, kada ki ji haushi, in Allah Ya yarda ba da wuri zan zo ba.

'Yarki mai kewarki,
Salamatu