Ba Zan Kalli Zango Na Huɗu Ni Kaɗai Ba

Zuwa ga Baban yara, inuwata da tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, abokin gardamata tun ina amarya har ga shi na yi jika. Ina gaishe ka gaisuwar wadda kewa ta ci ƙarfinta har ta gaji da ɓoyewa.

Na san ƙaninka ne zai karanta maka wannan takarda. Kai kuma mai karatu, ka karanta yadda na rubuta, ban da ƙari, ban da tsallake, in kuwa ka yi dariya to ni da kai ne.

Maigida, tun ranar da ka sa aka kai ka gidansa, wai tunda idanunka sun rufe ka zame mini kaya, falon nan ya yi mini faɗi. Na yi fushi, na yi kuka, yanzu kuma tunani nake yi. Abin da ya tsananta tunanin shi ne sanarwar da na ji jiya: ranar Asabar za a fara zango na huɗu na shirinmu na gidan haya. Da wa zan kalla?

Ka tuna zangon farko? Kana kan keken ɗinki ka juya wa talabijin baya, kana cewa shirme ne. Ai kuwa da gaskiyarka! Kowa ihu yake yi, in mugu zai shigo sai kiɗa ya riga shi, in an buga ƙofa bangon ɗakin ya yi ta rawa. Mai gidan hayan ba shi da komai sai tumbi da tarin makullai da baƙin hali. Kai kuwa in ka waiwayo, rigunansu kawai kake dubawa. Har yau ina dariya in na tuna ka ce, "Telan da ya ɗinka wa mutumin nan riga, da haushinsa ya ɗinka ta."

A zango na biyu ne masu shirin suka nutsu. Suka bi mai gidan har asibiti, muka gan shi yana ba tsohuwarsa abinci a baki. Malamar makarantar da muka ɗauka waliyyiya ce, sai ga ta tana shirga ƙarya ba ko ƙifta ido. Ranar ka tsayar da keke, ka juyo da kujerarka. Na ce mugu mugu ne ko da uwa ko babu, ka ce in yi masa uzuri. Muka yi ta ja har abinci ya huce, Auta ta leƙo ta tambaya ko lafiya. Wallahi ban taɓa jin daɗin faɗa irin na ranar ba.

Sai zango na uku ya zo da shiru. Suka rage kiɗa, suka rage surutu, mutum ya zauna ya yi ta kallon bango, an bar mai kallo ya gane da kansa. Daidai lokacin ne kuma hazo ya fara rufe maka ido, zare ya daina shiga allura. Na matso kusa da kai na zama mai ba da labari: ta tsaya a bakin ƙofa, ta ɗaga hannu za ta ƙwanƙwasa, ta fasa. Wannan kake kira wahala? Haba, rabin raina! Shekara da shekaru muna tare, ban taɓa samun damar yi maka raɗa a kunne kowane mako ba sai da wannan lalura ta zo.

Kuma wa yake taimakon wa? Wata rana ina tsakiyar bayani ka dafa hannuna ka ce, "Dakata. Makullan mai gidan hayan sun daina ƙara in yana tafiya. Mutumin nan ya rabu da gidan, bai faɗa wa kowa ba." Na ce ka cika ƙirƙira. Da labari ya yi nisa sai ga shi haka ne. Ni mai ido biyu na kalle shi ban gani ba, kai ka ji. Tun da ka tafi na gwada kallon maimaici, sai na tsinci kaina ina yi wa kujera bayani da ƙarfi, babu mai cewa in dakata. Rabin shirin kawai nake samu.

Akwai abin da nake so ka auna. Ɗan wasan da ke fitowa a direba ya yi hatsari da gaske, ya tashi da ɗingishi. Ba su sauya shi da wani ba. Suka saka ɗingishin cikin labari, suka ba shi dalili, kuma daga nan ne ya zama wanda kowa ya fi so. Da shirin ya tsaya a ihun zangon farko, da tuni mun watsar da shi. Ni ma ba telan da na aura nake nema ba, mai ido kamar na shaho. Wannan na yau nake so, mai laluben kofin shayi, mai gane takuna tun daga ƙofar gida. Amma kai ka cire kanka daga labarinmu ba ka shawarci kowa ba. Wa ya ba ka wannan izini?

Ka dawo, sanyin zuciyata. Ba na yi maka alkawarin babu gajiya. Zan gaji, zan yi mita, wata rana ma in ƙi yi maka bayani don ka ɓata mini rai. Amma a gefenka nake so in gaji.

Ranar Asabar da hantsi babban ɗanmu zai zo da mota. In ka shigo, shi ke nan, ba zan tayar da maganar ba har abada. In kuwa ka ƙi, zan naɗe talabijin ɗin a zane, in ɗora a ka, in ratsa unguwa kowa na gani, in zo in zauna inda kake zaune. Gida dai inda kake ne, zaɓi kawai nake ba ka na wanda zai taka.

Taka jiya, taka yau, taka har ranar da za a rufe nawa idanun,
Maman yara.