Tantabara Ta Fito Tas, Inna Dishi-dishi

Auta,

Ina gaishe ka, ina gaida Inna da duk mutanen gida. Ni lafiya lau nake. Ɗalibaina na nan da surutunsu, sai dai in na koma ɗaki shirun yakan yi mini yawa.

Hotunan sun iso, kuma raina ya ɓaci. Tantabarar da ke kan rufin maƙwabta ta fito tas, har gashin wuyanta ina gani. Amma Inna, hoto tara, duk dishi-dishi. Wai dogon gilashin kyamarar ne ke da rigima. Ni za ka gaya wa halinsa? Shekara uku yana wuyana kafin in bar maka shi. Na san yana da nauyi, yana zamewa in an sunkuyar da shi, ba ya kama abin da ke kusa. Ni na koya maka ka ja da baya taku biyar, ka tokare gwiwar hannu a bango, ka riƙe numfashi. Ka yi wa tsuntsu haka, ka kasa yi wa mahaifiyarka?

Ko a dishi-dishin na ga wuyan rigarta ya yi mata yawa. Me kuke ɓoye mini?

Gobe da hantsi ka zaunar da ita a bakin ƙofa, ka ɗauko mini fuskarta yadda take. In ta rame, in ga ramar da idona. Allah ya yi maka albarka, amma kada ka sake aiko mini da tantabara.

Yayarka