Zakaran Baba

Litinin, 3 ga Maris
An kai Baba da safe. Ƙarfe biyu daidai, falo cike da masu gaisuwa, wayarsa ta yi cara a kan durowa. Ƙararrawar shan maganinsa ce. Shi ya zaɓi kukan zakara don kawai ya ba ni haushi. Gwaggo ta zabura har da kifar da shayi. Ana iya danne shi ya yi shiru, amma cire shi sai an buɗe wayar.

Talata, 4 ga Maris
Yaya, wanda sau biyu ya leƙo mu a shekara uku, ya fi kowa kuka. Gwaggo tana gaya wa baƙi wai ni idona ko ɗigo. Na gaji, wallahi. Zakara ya yi cara.

Alhamis, 6 ga Maris
An zauna neman lambar buɗe waya. Yaya ya gwada tasa shekarar haihuwar har sau uku, bai yarda Baba zai zaɓi wata ba. Gwaggo ta ƙi faɗar tata shekarar. Suka ɓata, har aka tono rigimar bikin Yaya.
Ni na sa wa Baba lambar tun farko. Ba wanda ya tambaye ni, ban faɗa ba.

Asabar, 8 ga Maris
Yaya ya ce ran Litinin zai kai wayar wurin mai gyara a goge komai, "abin nan yana zubar mana da mutunci." Yana mamakin batirin da ya ƙi mutuwa. A kicin nake mata caji, bayan tukwane. Shekara uku zakaran nan ne ke tsara min yini. In ya yi shiru ban san me zan yi da ƙarfe biyu ba.

Lahadi, 9 ga Maris
Na ce wa Yaya ko kalar ƙwayar maganin Baba bai sani ba. Ya ce na mai da Baba nawa ni kaɗai. Duka gaskiya ne. Ban sa caji ba, su huta.

Litinin, 10 ga Maris
Biyu ta yi, shiru. Sai ga ni a ƙofar ɗakin Baba da kofin ruwa, ban san sanda na ɗebo ba. Yaya na zaune a bakin gadon. Ya kalli kofin, ya kalli agogo. Ya karɓa ya shanye, mutumin da ba ya shan ruwan famfo.

Talata, 11 ga Maris
Yaya ya koma da safe, bai je wurin mai gyara ba. Na tarar da wayar a jone da cajarsa. Ya aiko saƙo wai mantawa ya yi da cajar, kada in aika masa.
Biyu saura minti ɗaya ya kira. Muka jira zakaran tare.
Gwaggo ta tambayi abin da ya sami idona. Na ce albasa.