Mutum Biyu a Takardar Haraji

Pago Pago, 4 ga Mayu, 2007

Zuwa ga Yaya Sieni,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da maigida da yara kuna lafiya. Ni dai da sauƙi, in ban da gwiwa.

Ba zan ɓoye miki ba, buƙata ce ta sa na ɗauki biro. Shekara ashirin da biyu ke nan ina ɗakin sanyi a kamfanin kifin gwangwani, matata Penina da yara suna can ƙasarmu a tsibirin Upolu, duk mako biyu in hau jirgin ruwa awa takwas in leƙa su. To, ofishin haraji na Apia, babban birnin ƙasarmu, ya tuna da ni. Wai tunda gidana da iyalina suna can, albashina na nan ma sai na biya musu haraji a kansa, har na shekara uku. Na ce ai a nan ana cirewa tun kafin kuɗin ya taɓa hannuna. Matar ofishin ta ce in kawo shaida, su rage abin da na biya a dala daga abin da suke bina a tala, kuɗin can.

Na kai. Ta duba takardar Pago ta ga Ioelu Sapolu, ta duba takardar haihuwata ta ga Ioelu Vaifale. Ta ce, "Baba, wannan ai mutum biyu ne. Ba za mu rage maka da harajin wani ba."

Na yi mata bayani cewa ina shekara shida aka ba da ni ga Mama Lagi, ƙanwar wadda ta haife ni, a nan Pago, aka rubuta ni da sunan mijinta. Ta ce sai wanda ya shaida lamarin ya rantse a rubuce, kafin ƙarshen Yuni. Mama Lagi da mijinta duk sun rasu. Kin san wadda ta rage.

Ga takardar nan na haɗa. Ki kai wa Talaleu ta sa hannu a gaban fasto. In ba haka ba zan biya sau biyu, kuma alkawarin da na yi wa Penina na barin aiki a Kirsimeti zai koma sai bayan shekara biyu, in gwiwar ta kai.

Ƙaninki,
Ioelu


Savaii, 19 ga Mayu

Ƙanena,

Gaisuwa cikin sunan Ubangiji. Muna lafiya, muna kuma gode wa ofishin haraji, ashe ka san adireshinmu. Da Baba ya rasu kwali shida na kifi ka aiko ka yi zamanka. Yanzu takarda ce ta wakilce ka.

Kuma wace ce Talaleu? Sa'arka ce? A gidan nan Inna ake kiranta.

Na karanta mata takardar tana saƙar tabarma. Da na zo wurin da aka ce "na ba da shi ga ƙanwata," sai ta ce in maimaita. Na maimaita. Ta ce, "Ban ba da kowa ba. Aronsa na ba Lagi, zango ɗaya na makaranta, ya ɗebe mata kewa bayan ta yi ɓari."

Ni ma ban taɓa ji ba, Ioelu. Ta ce sau uku ta hau jirgi don ta ɗauko ka. Sau biyu jami'an shige da fice suka mai da ita daga tashar jirgin Pago, domin ba wanda ya zo ya tsaya mata, alhali Lagi ta san da zuwanta. Na ukun ta isa har gidan, aka ce kun tafi wani tsibirin. Bayan nan sai ga takarda da sunan Sapolu.

Ba ta sa hannu ba. Ta naɗe tabarmar ta shiga ciki, ranar ko gwaza ba ta ci ba.

Yayarka,
Sieni


Pago Pago, 2 ga Yuni

Yaya,

Ina gaishe ku duka. Na karanta wasiƙarki a kan jirgi, na sake karantawa a bakin aiki har shugabanmu ya ce in ajiye.

Abin da aka gaya mini tun ina yaro shi ne bakuna sun yi yawa a gida, aka rage ɗaya. Da shi na girma. Mama Lagi ce ta wanke mini ƙuraje, ita ta biya kuɗin makaranta, ni na rufe mata ido. Yanzu ina shekara hamsin da ɗaya a ce in tono ta in tambaye ta? Ba ni da wannan ƙarfin. Ni fa wanda ya gaji ne, Yaya. Hannuwana ba sa dunƙulewa da safe sai Penina ta jiƙa su a ruwan ɗumi, in ina gida ke nan.

Na sa an sake buga takardar, an cire maganar bayarwa. Layi ɗaya ne kawai: Ioelu Vaifale da Ioelu Sapolu mutum ɗaya ne. Wannan ai ba ƙarya a ciki. Don Allah ki lallashe ta.

Ki ce ina gaishe ta.

Ioelu


Savaii, 17 ga Yuni

Ioelu,

Ina gaishe ka. Hannun Sieni ne, maganar tawa ce.

Fasto ya zo da Littafi Mai Tsarki, na ba shi shayi ya koma. Ioelu Vaifale na san shi. Ranar Alhamis na haife shi ana ruwa, yana da tabo a babban yatsansa na hagu, inda wuƙar fasa kwakwa ta yanke shi. Ioelu Sapolu kuwa sau biyu na gan shi, ranar aurensa da ranar jana'izar Lagi, duka biyun hannu ya miƙo mini kamar baƙuwa. Ba zan ɗora hannu a kan Littafi in rantse mutum ɗaya ne ba sai na duba da idona.

Daga gidanka na Upolu zuwa nan, mota awa ɗaya, jirgi awa ɗaya. Takardar tana ƙarƙashin matashina, biro yana wurin Sieni. Saura kwana goma sha uku.

Kada ka aiko kifi.

Wadda ta haife ka,
Talaleu